Kumbon da Ya Ratsa ta Saman Kano

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Da sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa ni zan yi jawabin bana, sai ya ce in zaɓi abin da na ga dama, amma ban da siyasa, ban da kukan fansho. To jama'a, in aka cire wa tsoho waɗannan biyu, me ya rage masa? Ni dai abin da ya rage mini shi ne abin da 'yan ajinmu suka san ni da shi tun muna aji biyu, wato zancen 'yan sama jannati. Na ga wasu har sun fara murmushi. Ku yi haƙuri, yau kam babu mai kaɗa ƙararrawa ya cece ku.

Yawancinmu mun ɗauki labarin zuwa sararin samaniya tamkar tatsuniyar Turawa, abin da ya auku can nesa, mu namu sauraro kawai. Ba haka abin yake ba. Ƙasar nan tamu tana cikin labarin tun farkonsa, kuma kaɗan ne cikin yaran yanzu suka taɓa jin haka. Wannan shi ne abin da nake so in warware muku, daga nan kuma in roƙe ku wani abu.

Rasha ce ta fara. Ran 4 ga Oktoba, 1957, Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, wani mulmulallen ƙarfe da bai fi randar ruwa ba, mai nauyin kilo 83 da ɗoriya. Ba abin da yake yi sai kewaya duniya yana 'yar ƙara a rediyo, amma wannan 'yar ƙara ta hana Amurka barci. Bayan shekara uku da rabi, ran 12 ga Afrilu, 1961, suka ɗora mutum. Yuri Gagarin ɗan shekara 27 ne a lokacin, ɗan kafinta, ya koyi aikin narka ƙarfe kafin ya shiga sojan sama. Gajere ne ƙwarai, gajartar kuwa ta yi masa rana, don kumbon Vostok ba shi da fili. Sau ɗaya ya kewaya duniya, tafiyar duka minti 108. Da ya rage kilomita 7 ya iso ƙasa, kujerarsa ta cilla shi waje, ya sauko da laima, ya dira a wata gona kusa da kogin Volga. Waɗanda suka fara tarbar mutumin farko da ya dawo daga sararin samaniya ba janar-janar ba ne, wata manomiya ce da jikarta, kuma da suka hango shi cikin riga ruwan goro da ƙatuwar hular kwano, sai da ya lallashe su kafin suka yarda mutum ne ɗan ƙasarsu.

Yanzu ku ji inda muka shigo. Amurkawa da suka tashi aika nasu mutumin sai suka ci karo da wata matsala. Kumbo yana tafiya ne ƙasa-ƙasa, tsakanin kilomita 160 da 260 daga doron ƙasa, gudunsa kuma kilomita 28,000 a awa. In kuna son ku gane wannan gudu, daga Kano zuwa Kaduna rabin minti ne. Irin rediyon da ake magana da shi kuwa miƙe saƙonsa yake tafiya, ba ya lanƙwasa ya bi gantsarar duniya. Saboda haka kowace tasha da ke ƙasa 'yan mintoci kaɗan take jin kumbon, da ya wuce iyakar ganinta shi ke nan, sai shiru. Ina dabara? Sai hukumar NASA ta jera tashoshi 18 kewaye da duniya, biyu daga ciki a kan jiragen ruwa, kamar dai zangon fatake, wannan ya karɓi ayari ya miƙa wa na gaba. Ɗaya tana Zanzibar. Ɗaya kuma tana Kano, garin da dama ya saba karɓar ayarin da ya ƙetaro Sahara.

Ran 20 ga Fabrairu, 1962, John Glenn ya tashi daga Florida cikin kumbon Friendship 7. A nan ana tsakiyar watan azumi, ƙarfe huɗu saura kwata na yamma. Minti ashirin da 'yan kai bayan tashinsa, daidai lokacin da mata ke haramar kunun buɗa-baki, mutumin nan ya riga ya ƙetare tekun Atlantika yana saman Afirka ta Yamma. Ya leƙo ta taga ya shaida wa na ƙasa cewa yana ganin ƙura ta turnuƙe, tashar Kano ta amsa masa cewa ai mako guda ke nan iska na kaɗawa da ƙarfi. Ba sai an gaya wa Bakano wace ƙura ce ke tashi a watan Fabrairu ba. Hunturunmu ne, wanda ke fasa mana leɓe da dunduniya, shi ne ya shiga cikin rahoton Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya. A saman Kano ɗin ne kuma ya karɓi tuƙi da hannunsa ya juya kumbon don ya fuskanci inda ya dosa.

Aikin mutanen tashar shi ne su saurari muryarsa, su karɓi awon bugun zuciyarsa da numfashinsa da yawan iskar shaƙa da man da ya rage, su buga ta wayar tangaraho zuwa Amurka kafin ya isa zango na gaba. Aikin ba ƙarami ba ne. A wannan tafiya ce wata na'ura ta nuna wa na ƙasa cewa garkuwar da ke kare kumbon daga zafin dawowa ta kwance. In da gaskiya ne, da Glenn ya ƙone ƙurmus a hanyar saukowa. Aka umarce shi kada ya yar da 'yan rokokin birki da ke ɗaure a kan garkuwar, ko igiyoyinsu za su riƙe ta. Ya sauko yana ganin gutsattsarin wuta suna wucewa ta tagarsa, ya faɗa teku lafiya bayan kewaye uku cikin awa 4 da minti 55. Ashe na'urar ce ta yi ƙarya. Mutumin nan ya sake komawa sama a 1998 yana da shekara 77, ya rasu a 2016. Ina faɗin haka ne don waɗanda suka ce ciwon gwiwa ya hana su zuwa taron bara.

Tun da na san labarin tashar Kano, hankalina ya fi karkata ga mutanen ƙasa fiye da wanda ke cikin kumbo. Kafin Glenn ya yarda ya tashi, sai da ya ce a ba wata baƙar fata mai suna Katherine Johnson lissafin da kwamfuta ta yi, ta sake bin sa da hannu. Malamanmu na lissafi da ke nan, ku ji da kyau, a wannan rana fensir ne ya duba aikin kwamfuta.

Akwai wata rana a wannan shekara ta 1962 da ba na gajiya da ba da labarinta. Ran 3 ga Oktoba, Wally Schirra ya tashi ya kewaya duniya sau shida. A wannan ranar ce dai, a Zagami cikin lardin Katsina, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa, sai ya ji wata ƙara mai firgitarwa, dutse ya faɗo daga sama 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse cikin ƙasa. Nauyinsa wajen kilo 18. Aka ɗauke shi aka kai ofishin binciken ma'adinai a Kaduna. Sai bayan shekaru masana suka auna iskar da ke kulle cikin irin waɗannan duwatsu, suka ga ta yi daidai da iskar duniyar Mirrihu, wadda Turawa ke kira Mars, kamar yadda kumbunan Viking suka auno ta a 1976. Wato ran da Amurka ke kashe dukiya don ta ɗaga mutum ɗaya kilomita ɗari biyu da wani abu, ran nan wani yanki na wata duniya ya zo da kansa gonar Bakatsine, ko sisi ba a biya ba. A 1996 ma an ɗora ɗan ɓarɓashinsa a kumbon Mars Global Surveyor aka mai da shi inda ya fito. Wanda ya fi shi girma, mai kusan kilo 25, a yankin Agadas na Nijar aka tsince shi a 2023, aka sayar da shi a New York a 2025 kan dala miliyan 5 da ɗoriya, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda aka yi ya fita daga ƙasar.

Na uku kuwa, ran 23 ga Agusta, 1963, shugaba Kennedy ya yi magana ta tarho da Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Allah ya ji ƙansa. Maganar ba ta waya ta bi ba, ta tauraron ɗan Adam mai suna Syncom 2 ta bi, ta sauko kan wani jirgin ruwan Amurka, Kingsport, da ke tsaye a tashar Ikko. Ita ce hira ta farko da shugabannin ƙasashe biyu suka yi ta tauraron ɗan Adam, har zancen damben Dick Tiger ya shigo ciki. Duk wanda ya kalli ƙwallon Turai a gidan kallo ko ya ga ɗawafi kai tsaye daga Makka, jikan wannan hira yake kallo.

Kada in sa ku ɗauka abin wasa ne. Valentina Tereshkova, ma'aikaciyar masaƙa, ta kewaya duniya sau 48 a 1963 ita kaɗai. Alexei Leonov ya fita daga kumbo a 1965 ya yi minti 12 yana lilo a sarari, rigarsa ta kumbura har ya kasa komawa ciki sai da ya sace iskar da ke cikinta, kuma da suka sauko suka faɗa wani daji mai ƙanƙara, suka kwana biyu kafin a fitar da su. Waɗannan sun tsira. A Janairun 1967 wuta ta cinye Grissom da White da Chaffee cikin kumbon Afolo tun yana ƙasa ana gwaji. Bayan wata uku laimar Vladimir Komarov ta ƙi buɗewa yadda ya kamata. Shi kansa Gagarin haɗarin jirgin sama ya kashe shi a 1968 yana da shekara 34. Waɗanda suka hau bayan haka sun san abin da ya sami abokansu, suka kuma hau.

To, sai daren da 'yan ajinmu ke jira in zo kansa. Lahadi, 20 ga Yuli, 1969, muna aji huɗu. Ana cikin yaƙin basasa, wasu daga cikin manyanmu sun ajiye littafi sun shiga soja, akwai waɗanda gadajensu ne kawai suka rage a ɗakin kwana. Malaminmu na kimiyya, Allah ya gafarta masa, ya roƙi shugaban makaranta a bar 'yan aji huɗu da biyar su zauna a ɗakin cin abinci bayan an kashe injin wuta. Ya kawo rediyonsa da sababbin batura, ya kamo Muryar Amurka, muka kewaye shi da fitilar ƙwai guda biyu. Turancin 'yan sama jannatin ba irin wanda aka koya mana ba ne, ga shi rediyon na shashshaka, sai Malam ya riƙa fassara mana. Shi ya gaya mana kwamfutar kumbon tana ta ƙararrawa, Armstrong ya ga wurin da aka nufa cike yake da manyan duwatsu ya karɓi tuƙi yana neman fili, har aka sanar da shi saura daƙiƙa 30 mai ya kai iyaka. Ƙarfe tara da minti 17 agogonmu suka sauka. Muka ruga waje. Damina ce, amma hadari ya ɗan yage ta yamma, ga watan nan bai kai mako da tsayuwa ba.

Baban kicin, wanda ya tsaya yana jiran mu tashi ya kulle ƙofa, ya dube shi ya ce, “Yanzu a kan wannan ɗan ɓarin suka tsaya? Ba su bari ya cika ba?” Muka fashe da dariya. Malam bai yi dariya ba. Ya ce tambayar ta fi duk waɗanda muka yi masa a wannan zango. Ya aika aka ɗauko lemo, ya riƙe shi gefen fitila, ya nuna mana cewa wata kullum a cike yake, ɓangaren da rana ta haska ne kawai ke sauyawa a idonmu. Sa'an nan ya ce da gangan aka zaɓi wannan lokaci, domin a wurin da suka sauka hantsi bai daɗe da fitowa ba, rana tana ƙasa-ƙasa, inuwar kowane dutse da rami ta yi tsawo, matuƙi yana ganinsu sarai. In da tsakar rana suka je, da ƙasar ta zama fari fat ba a bambanta tudu da kwari. Ƙarfe huɗu saura minti huɗu na dare Armstrong ya taka ƙasar wata. A lokacin watan ya daɗe da faɗuwa a wurinmu, rabinmu kuma sun yi barci a kan tebur.

Cikin su ukun, wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Michael Collins, wanda bai sauka ba. Ya yi tafiyar kilomita 384,000, ya rage kaɗan, aka ce ya tsaya ya riƙe kumbon komawa gida. Yana kewaya wata shi kaɗai, duk sa'ad da ya zagaya ta baya sai rediyo ya yanke kimanin minti 48, babu mahaluƙin da ke jin sa. Kuma ya san in injin su Armstrong da Aldrin ya ƙi tashi, umarnin da ke kansa shi ne ya dawo ya bar su. Duk wanda ya taɓa riƙe amanar da ba a yi masa tafi a kanta ba ya san mutumin nan.

Abin ya shiga bakin mutanenmu nan da nan. Marigayi Alhaji Mamman Shata ya yi wa kumbon waƙa. Ciwon idon nan mai yaɗuwa da ya ɓulla a Gana a 1969 ya bazu zuwa nan, har yau Afolo muke ce masa, alhali ƙwayar cuta ce, ba ruwanta da ƙurar wata. Akwai kuma labarin da ya daɗe yana yawo cewa Armstrong ya ji kiran salla a duniyar wata ya musulunta. Wannan bai faru ba. A wata babu iskar da za ta ɗauki sauti, shi da kansa ya ƙaryata, har ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta sanarwa a kan haka a 1983. Mai neman abin alfahari na gaskiya, ga Faruk al-Baz, Bamisire masanin duwatsu, wanda ya taimaka wajen zaɓen wuraren da kumbunan Afolo suka sauka, ga kuma Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya da ya hau kumbon Discovery a 1985. Masu cewa ba a je ba sam kuwa, mutum 12 ne suka taka wata tsakanin 1969 da 1972, suka kwaso duwatsu kilo 382. Sun bar madubai a can waɗanda ake haska wa haske daga nan ana auna nisa, da su aka gano wata yana ja da baya santimita 3.8 kowace shekara. Rashawa kuma, da ke bin sawun tafiyar da na'urorinsu, da sun ga ƙarya da su za su fara buga ganga.

Babu ɗayanmu da ya zama ɗan sama jannati. Ni aikin safiyo na yi, shekara talatin da biyar ina jan sarƙar awo cikin ƙaya, amma ko a can abin ya biyo ni. 'Yan Afolo 7 sun ɗauki hoton tafkin Chadi a 1968, yana shimfiɗe kamar teku. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, a shekarun 1980 ya koma ƙasa da 2,000. Masunci a Baga ya san ruwa ya janye daga inda yake ɗaure kwale-kwalensa, amma girman abin gaba ɗaya sai daga sama ake ganinsa. Ran da na fara jera hotunan nan biyu a kan tebur na daɗe ban ce komai ba. Nijeriya ta kafa hukumarta ta sararin samaniya a 1999, ta harba NigeriaSat-1 daga Rasha a Satumbar 2003. Na sadarwa da aka harba daga ƙasar Sin a 2007 ya mutu bayan shekara ɗaya da rabi, aka maye gurbinsa a 2011, kuma a wannan shekarar aka harba NigeriaSat-X wanda injiniyoyinmu suka haɗa da hannunsu a Ingila. Indiya, wadda malamanta suka koyar da da yawa daga cikinmu kimiyya, ta sauke kumbonta kusa da ƙuryar kudancin wata a Agustan 2023.

Yanzu ga roƙona. Ɗazu da safe na zagaya ɗakin kimiyya, na tambayi 'yan aji shida ko akwai wanda ya taɓa leƙa wata ta madubin hangen nesa. Babu ko ɗaya. Na tambaye su Zara matar wata, da Gamzaki, da Kaza Mai 'Ya'ya, yaro ɗaya ne ya iya nuna mini inda suke fitowa, shi ma ya ce kakarsa ce ta koya masa. Ba laifinsu ba ne. Mun yi wa makarantar nan katanga, mun haƙa rijiyar burtsatse, duk sun yi kyau. Bana ina roƙon mu saya mata madubin hangen nesa guda ɗaya, mai faɗin baki inci shida ko takwas, irin wanda ba ya bukatar lantarki. Da shi yaro zai ga ramukan wata da inuwar duwatsunsa, ya ga watanni huɗu na Mushtari waɗanda Galileo ya fara gani a 1610, ya ga zoben da ya kewaye Zuhal. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ma, wadda mutane suka fara zama cikinta a Nuwamban 2000, da ido ake ganinta bayan magariba tana ratsawa kamar tauraro mai sauri, sai dai a sami wanda zai ce wa yara ga lokacin, ku ɗaga kai.

Sharaɗina biyu ne. Kada a kulle shi a ofis ana jiran baƙi, mabuɗin ya zauna hannun malamin kimiyya. Kuma ya iso kafin ƙarshen Satumba, domin daga ɗaukewar ruwa zuwa saukar hazo, wato Oktoba da farkon Nuwamba, shi ne lokacin da samanmu ya fi wankewa. Na yi magana da malamin, ya yarda zai riƙa fitowa da ɗalibai daren Asabar sau biyu a wata, ni kuma na ɗauki nauyin ƙafar da za a ɗora madubin da akwatin ajiye shi. Ma'aji yana bakin ƙofa da takarda, 'yan ajin 1970 su za su fara rubuta suna.